Wata Biyu Da Rabi Ina Kallon Ruwa Ba Halin Sha

Ni dai ban yi tari ba. Da wannan nake fara labarin duk inda aka tambaye ni, domin da zarar mutum ya ji an ce tarin fuka ne ya kwantar da kai, hoton da ke zuwa masa shi ne na wani ramamme dafe da ƙirji yana kakin jini. Ni kuwa wata biyar ciwon ya yi yana cin jikina ban yi abin da za a kira tari ba. Ranar da tarin ya tashi zuwa ma, ba daga huhu ya taso ba. Kurɓin ruwa ne ya kawo shi.

Shekarata 43 a lokacin, ina koyar da lissafi a makarantar sakandare, da matata da 'ya'ya huɗu. Ban taɓa shan taba ba, ban san ciwon da ya wuce zazzaɓin kwana biyu ba. Abin ya fara kamar wasa. In na haɗiyi loma sai in ji ta tsaya a tsakiyar ƙirji, daidai bayan ƙashin nan da haƙarƙari ke haɗuwa a jikinsa, ta ɗan dakata kamar mai jiran izini, sannan ta wuce da zafi. Sai in bi ta da ruwa in ci gaba da hirata. Da na gaya wa matata sai ta ce, “Maigida, ai kai ne ba ka tsayawa ka tauna, kullum kamar ana koranka.” Ban musa ba, don gaskiya ta faɗa.

Da abin ya ƙi wucewa na je wani ƙaramin asibiti. Likitan bai ko gama ɗago kai ba ya ce olsa ce da ƙwannafi, ya rubuta mini omeprazole. Na sha wata guda, na koma, ya ƙara mini wani. Ba na ganin laifinsa a zuwan farko, ciwon da ya saba gani ya kira. Amma a zuwa na uku, da na nuna masa cewa bel ɗina ya kai hudar ƙarshe har na ƙara wata da ƙusa, ya kamata a ce ya ajiye biro ya saurare ni. Sai daga baya na ji cewa wahalar haɗiya in ta haɗu da rama, ba a lallaɓa ta da maganin olsa, leƙawa ake yi tun da wuri. Ga kuma zazzaɓi da ke rufe ni kullum da yamma, da zufar dare da ke jiƙa matashi sharkaf kamar an tsamo shi daga ruwa. Ya tura ni hoton ƙirji, hoto ya fito, huhu tas. Wannan hoton shi ya toshe maganar tarin fuka a zuciyar kowa, har da ni.

Daga kilo 68 na gangaro 57. Yayana ya zo duba ni, ya tsaya a bakin ƙofa yana kallona kamar bai gane ni ba. Ya ce, “Tashi ka sa riga.” Na ce, “Yaya, ai ina shan magani.” Ya ce, “Na ga irin aikin da maganin yake yi. Tashi.” Haka muka dangana da babban asibiti.

A can aka ce sai an zura kyamara. Suka fesa mini wani magani mai ɗaci a maƙogwaro har ya yi dundum, suka sa mini ɗan zoben roba tsakanin haƙora, na kwanta a gefen hagu. Baƙar roba ce mai kaurin ɗan yatsa, da fitila da ido a bakinta, jikinta duk lambobi kamar tef ɗin awo. Ina jin ta tana sauka, ina kakari, nas tana dafa kafaɗata tana cewa in yi numfashi ta hanci. Can sai likitan ya tsaya. Ya yi shiru na ɗan lokaci, sannan ya ce wa nas, “Rubuta 27.” Ni malamin lissafi ne, lamba ba ta wuce ni, na riƙe ta. Daga baya na gane nufinta: daga haƙoran gaba suke fara ƙirga santimita, hanyar abinci kuwa tsawonta kimanin 25 ne, tana shiga tumbi a wajejen 40. Wato 27 tsakiyar hanya ce, kusa da inda bututun iska ke rabuwa biyu, reshe ɗaya ya nufi huhun dama, ɗaya hagu. A wurin ya ga wani tudu ya turo kai cikin hanya, da gyambo a samansa. Ya tsintsinko 'yan ƙananan nama don gwaji.

Labule ne kawai tsakanina da su lokacin da yake yi wa Yaya bayani, sun ɗauka ba na jin su. Na ji kalmar da kunnena: “Ga dukkan alamu ciwon daji ne, amma mu jira sakamako.” Cikina ya ɗuri ruwa. Da Yaya ya ɗaga labulen ya ce, “An ce ɗan gyambo ne,” na ce, “To, Allah ya sawwaƙe.” Ya yi mini ƙarya don tausayi, ni ma na yi masa tawa.

Mako uku na yi a matsayin mai jiran mutuwa, kuma ba wanda ya san na sani. Na sami littafi na rubuta duk wanda ke bina bashi da wanda nake bi. Na nuna wa matata inda takardu suke, ta kalle ni ta ce, “Wannan kuma na mene ne?” Na ce don kada su ɓace ne. Na riƙa zaunar da babban ɗana ina yi masa nasihohin da bai nema ba, yaro yana ta mutsu-mutsu yana son ya tafi wasa.

Sakamako ya fito: kumburi ne da gyambo, ba a ga ƙwayoyin daji ba. Yaya ya yi hamdala da ƙarfi, amma likitan bai saki fuska ba. Ya ce wataƙila hantsakin bai kamo inda ciwon yake ba, a sake. Aka sake zura roba, aka sake jira, amsa ta dawo iri ɗaya. Ba a ce daji ne ba, ba a kuma ce ba shi ba ne. Wanda bai taɓa zama a wannan tsakiyar ba, ba zai san yadda rashin suna ke cin rai ba. Ciwon da ke da suna ko mugu ne ka san abin da kake roƙon Allah a kansa.

Ana kukan targaɗe sai ga karaya. Wata safiya a ɗakin malamai na kurɓi ruwa, sai na ƙware, irin ƙwarewar da ido ke firfitowa, hawaye na zuba, abokan aiki suna bubbuga mini baya. Na ce gaggawa ce. Da rana na sake sha, aka sake yi. Kafin mako ya zagayo ta zama doka: duk kurɓi, tari. Abin mamaki, abu mai kauri ya fi wucewa lafiya, ruwa zalla shi ne abokin gaba. Wata rana na duba kakin da na tofar na ga ɓurɓushin abin da na ci ɗazu a ciki. Na tsaya ina tunani, ta yaya abin da ya bi hanyar ciki zai dawo ta hanyar tari? Ban gaya wa kowa ba. Na ce a raina dajin ne ya ci gaba, me ya rage in faɗa? Wannan shirun nawa shi ne wautar da ta fi kowace a labarin nan, don ita ta kusa kai ni kabari. Kwana goma bayan haka zazzaɓi mai zafi ya rufe ni, numfashi ya gagara, aka kwashe ni cikin dare. Aka ce nimoniya ce a huhun hagu, aka ba ni gado, aka sa iskar oksijin da ƙarin ruwa. Aka ɗora ni a sikeli, kilo 51.

A dare na biyu wata matashiyar likita ta zo zagaye. Ba babba ba ce, irin waɗanda ake bar wa kwanan asibiti ne. Ta karanta fayil ɗina tun daga shafin farko, abin da ban ga wani ya yi ba, sannan ta dubi kofin da ke kan durowa cike da ruwa tun safe. Ta ce, “Malam, me ya sa ba ka sha ba?” Na ce, “Ranki ya daɗe, in na sha tari nake yi.” Ta ce, “Shi nake son gani. Kurɓa kaɗan.” Na kurɓa, ta zuba wa wuyana ido tana ƙirgawa a hankali, “Ɗaya, biyu.” A kan biyun tarin ya ɓarke. Ta ce mai ƙwarewa ta maƙogwaro tun ruwan bai wuce ba yake tari, ni kuwa sai ya sauka lafiya, ya yi nisa, sannan. Ta ɗauke kofin da hannunta, ta rubuta a kwali ta manna a saman gadona cewa kada a ba ni komai ta baki. Sannan ta ja kujera ta zauna ta yi mini tambayar da ba wanda ya taɓa yi: “Tun kana yaro, akwai wanda ya taɓa doguwar jinyar tari a gidanku?”

Sai da na yi jim. Kawuna. Ina ɗan shekara goma sha ɗaya ko sha biyu ya zo jinya wurinmu, ɗaki ɗaya muke kwana, ni nake zubar masa da gwangwanin kaki. Shekara talatin ke nan, na ma manta da fuskarsa. Na ce, “Amma Likita, an ɗauki hoton huhuna, lafiya lau.” Ta ce, “Na gani. Ba huhunka nake zargi ba.”

Washegari aka tsayar da ni gaban na'urar hoto aka ba ni wani ruwa da ke fitowa fari a allo. Na karkata kai ina kallo. Farin layi ya gangaro tiryan-tiryan, yana isa tsakiyar ƙirji sai wani siririn zare ya ɓalle daga jikinsa ya yi hagu, ya bazu kamar saiwar ciyawa. Gani ya kori ji. Ruwan da na haɗiya ne ke shiga huhuna ina kallo. Hoton CT, wanda ke nuna cikin jiki dalla-dalla, ya ƙarasa labarin: kaluluwa a ƙarƙashin mararrabar bututun iska, sun kumbura sun manne da juna, tsakiyarsu ta mutu, ga 'yan ƙwayoyin iska a wurin da iska ba ta da hurumin zama.

Babban likitan sashen, wani dattijo mai magana a hankali, ya zana mini abin a bayan takarda. Ya ce mutane sun san kaluluwa a hammata da matsematsi da wuya, ba su san akwai su a cikin ƙirji ba, nan ne kuwa matsayar duk ƙwayar cutar da ta shigo ta huhu. Ƙwayar tarin fuka takan shiga da numfashi, garkuwar jiki ta kama ta ta kulle, amma ba lallai ta kashe ta ba. Sai ta kwanta shekara da shekaru. Ya ce Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta kusan kashi ɗaya cikin huɗu na mutanen duniya sun taɓa kamuwa da ƙwayar, amma biyar zuwa goma cikin ɗari ne kawai take tashi ta kwantar da su, galibi idan garkuwa ta yi rauni. An gwada ni ƙanjamau, babu. Amma gwajin jini ya nuna ina da ciwon suga ban sani ba, shi kuwa yana ninka haɗarin tarin fuka sau biyu zuwa uku. To kaluluwar da ke tsakanin bututun biyu ta kumbura, ta fara danne hanyar abinci, shi ne lomar da ke tsayawa. Ta manne da bangon, ta ruɓe, ta fashe ciki, shi ne gyambon da aka ɗauka daji ne. Sannan ta ɓula ɗaya gefen, cikin reshen iska na hagu. Ya ja layi ya haɗa bututun biyu, ya ce, “Ka ga yoyonka.”

Na tambaye shi me ya sa gwaji biyu ba su gani ba. Ya ce ƙullutun da ciwon ke yi a ƙarƙashin fatar hanyar suke, hantsakin kyamara kuwa sama-sama yake tsinka, ƙwayoyin kuma ba su da yawa a wurin. Ya ƙara da cewa a duk hanyar da abinci ke bi, wannan bututun yana cikin inda tarin fuka ya fi ƙarancin kamawa, likita na iya gama aikinsa har ya yi ritaya bai ga mutum biyar ba. Duk da haka ya ce zato ne tukuna, ba zai ɗora ni a kan maganin watanni da zato ba, sai ya kama ɓarawon da hannu.

Karo na uku ke nan aka zura mini roba, amma wannan daban ce, a bakinta akwai na'urar sikanin da ke hango abin da ke bayan bango. Da ita suka nemo kaluluwar, suka soka siririyar allura ta cikin bangon suka zuƙo abin da ke tsakiyarta. Matashiyar likitar ta nuna mini a kwalba, wani abu fari-fari mai dagargajewa kamar jiƙaƙƙen alli. Aka raba shi uku: kashi ɗaya na madubin likita, ɗaya na renon ƙwayar cuta wanda ke ɗaukar makonni, ɗaya kuma na GeneXpert, na'urar da hukumar lafiyar ta amince da ita tun 2010, mai ba da amsa cikin kimanin awa biyu, ta kuma faɗa ko ƙwayar na jin maganin rifampicin. Wata shida ana lalube a duhu, amsar ta zo tsakanin hantsi da la'asar. Tarin fuka ne, kuma mai jin magani.

Matata na tsaye lokacin da aka faɗa. Ta ce, “Likita, ba daji ba ne?” Ashe ita ma ta sani, Yaya ya gaya mata, kowa yana ɓoye wa kowa. Aka ce ba shi ba ne, wannan ana warkewa. Sai ta sulale ta zauna a ƙasa tana kuka tana “Alhamdulillahi, Alhamdulillahi.” Mai jinyar gadon kusa da mu ya bi ta da kallo, yana mamakin matar da ke murna an ce mijinta na da tarin fuka. Yaya kuwa ya yi hamdala, amma na lura ya ɗan ja baya taku ɗaya. Ban riƙe shi a rai ba. Na dai gani.

Saura maganar ramin. Likitoci suka taru a kaina har da mai tiyata. Akwai hanyar zura wani bututun raga da zai buɗe a ciki ya lulluɓe hudar, akwai ɗan maƙalin ƙarfe da ake tsuke bakinta da shi ta kyamara, akwai kuma buɗe ƙirji a raba bututun biyu a ɗinke. Yaya ya fi son a yi aikin a huta. Mai tiyatar da kansa ya hana. Ya ce naman wurin yanzu kamar jiƙaƙƙiyar takarda yake, zare ba zai kama ba, bututun raga kuma yakan zame daga inda aka sa shi. Irin wannan yoyon na tarin fuka, in ji shi, da yawa kan rufe da kansu in aka kashe ƙwayar aka kuma bar wurin ya huta. “Wuƙata tana nan, ba inda za ta. A fara ba magani dama.” Na ga likitoci da yawa a jinyar nan, amma wannan da ya ƙi yanka ni yana cikin waɗanda na fi yi wa addu'a.

Barin wurin ya huta kuwa yana nufin ba ci ba sha ta baki. Aka zura mini roba ta hanci, ana kallo da kyamara don kada ta kauce ta faɗa ramin, har ta isa tumbi. Ta nan komai ke shiga. Matata ta koyi aikin cikin kwana biyu: a zaunar da ni tsaye, a zuƙo tataccen abinci mai ruwa a babban sirinji, a tura sannu a hankali, a bi da ruwa a wanke robar, in kuma zauna haka kusan awa guda don kada ya dawo sama. Ko barci ba na yi sai an tokare kaina da matasai. Magani huɗu ne a haɗe cikin ƙwaya ɗaya: isoniazid, rifampicin, pyrazinamide da ethambutol. Da nauyi ake auna shi, ni ƙwaya uku aka yanka mini. Da asuba take niƙe su a bayan cokali su yi laushi, ta jiƙa, ta tura tun ciki ba komai, don rifampicin ya fi shiga jini a haka. Ina kwance ina binciken sunayensu a waya na tarar duk huɗun sun girme ni, isoniazid tun 1952 ake ba da shi. Ƙwayar kanta tun 24 ga Maris 1882 Robert Koch ya sanar da gano ta a Jamus. Ciwon da ya rikita mu wata shida ashe tsohon sananne ne, sabon wurin ɓuya kawai ya samu.

An gargaɗe mu cewa fitsari zai yi ja-ja, amma ranar da matata ta ga zufata ta rina farar riga sai da ta firgita. Gwiwoyi da idon sawu suka riƙa ciwo, aka ce aikin pyrazinamide ne. Tafin ƙafa ya fara yi mini yam-yam, aka ƙara mini bitamin B6. Ana ɗibar jini a duba hanta, ana nuna mini ja da kore a ga ko ethambutol bai taɓa ido ba, an kuma ja mana kunne cewa in aka ga farin ido ya yi ɗorawa ko amai ya yawaita, a dawo ko tsakar dare ne. Suga kuwa da allurar insulin aka riƙe shi, don rifampicin na rage ƙarfin wasu ƙwayoyin sugan. Duk waɗannan na jure su ba wani kuka.

Ƙishirwa ce ta ga bayana. Ana tura ruwa ta roba isasshe, ciki ya ƙoshi, amma baki bai san an yi ba. Harshe ya bushe kamar fata, miyau ya yi kauri, shi ma an ce in riƙa tofarwa. Abin da aka yarda mini shi ne auduga jiƙaƙƙiya a leɓe, ko in kurkure in zubar. Ka san azabar ka cika baki da ruwan sanyi, maƙogwaro yana roƙo, ka tofar? Na koma ina kallon wuyan yarana in suna sha, ina bin maƙoshinsu yana hawa yana sauka. Da matata ta lura sai ta hana kowa shan ruwa a gabana, wannan kuma ya fi yi mini ciwo. A mako na huɗu, bayan an sallame mu, wani dare kowa ya yi barci, na lallaɓa na kurɓi guda ɗaya tak. Daɗinsa bai kai ƙiftawar ido ba. Na yi tari har gidan ya tashi, kwana biyu zazzaɓi ya dawo. Da muka je asibiti na faɗi gaskiya da bakina. Matashiyar likitar ba ta ɗaga murya ba, ta ce, “Malam, in ɗalibinka ya yi maka haka me za ka ce masa?” Na sunkuyar da kai, ɗan shekara 43 a gaban yarinyar da na kusa haifa.

Zazzaɓin yamma dai tun mako na uku ya ɗauke, zufar dare ta bi shi, sikeli ya fara hawa. A mako na shida aka sake hoton farin ruwa, ina ta sa rai. Zaren yana nan, ya dai sirance. Na dawo gida ban yi wa kowa magana ba har dare. A mako na goma aka sake. Na karkata kai kamar kullum, farin layi ya gangaro, ya iso wurin, ya wuce abinsa. Aka juya ni hagu, aka juya ni dama, aka ƙara mini wani kurɓin. Ba zare. Likitar ta sa aka kawo ruwa da ƙaramin cokali, ta ba ni da hannunta. Ɗakin ya yi tsit, ita tana ƙirgawa, ɗaya, biyu, uku, har goma. Matata ce ta fara sakin numfashi. Bayan kwana biyar aka zare robar.

Tsugune ba ta ƙare ba. Bayan wata biyun farko aka rage magani ya koma isoniazid da rifampicin, da na haura kilo 55 aka ƙara ƙwaya ta huɗu. Yawancin masu tarin fuka wata shida suke yi, ni dattijon ya ce saboda ramin da sugan zai kai ni tara. A nan ne mutane ke faɗuwa, jiki ya dawo, ka ga kamar ba amfanin ci gaba, ka bari, ƙwayar ta farfaɗo ta ƙi jin magani. Matata ta liƙa kalanda a bango tana soke kowace rana, ba a yi fashin ko ɗaya ba. A wata na biyar loma ta sake tsayawa a 27 ɗin nan tawa, hankalina ya tashi. Aka leƙa, ashe tabo ne ya tsuke hanya yayin warkewa. Sau biyu aka zura wata 'yar balan-balan aka hura ta a wurin, ya buɗe. Har yau akwai ɗan aljihu da tabon ya jawo a bangon, sun ce ba ya buƙatar komai in dai ina taunawa da kyau. Maganar matata ta farko ta dawo ke nan.

An gwada mutanen gidana duka, ba wanda ciwon ya tashi a jikinsa, amma an ba ƙaramar maganin rigakafi na watanni. Da na koma makaranta wani abokin aiki ya ware mini kofi daban, ya ɗaura masa zare a hannu. Na yi masa bayani cewa ta iska ake ɗaukar ciwon, ba ta kofi ba, kuma ni na daɗe da wuce wannan matakin. Ya ce ya gane. Zaren dai yana nan, ni kuma na saba da kofin.

Ranar sallama ta ƙarshe dattijon ya ɗauko tsohon hoton CT ya ɗora yatsa a kan wata da'ira kusa da kaluluwar. Ya ce, “Ka san wannan?” Na ce a'a. Ya ce babbar jijiyar jini ce da ke fitowa daga zuciya, ita ma maƙwabciyar hanyar abinci ce, kuma akwai waɗanda ta nan ciwon ke ɓulawa, sai dai a ga aman jini farat ɗaya, kaɗan ne ke kai labari. Na ce, “Ranka ya daɗe, me ya sa ba ka gaya mini tun a lokacin ba?” Ya ce, “Da na gaya maka, da wanne za ka ji?” Na auna tazarar da idona. Ba ta kai faɗin ɗan yatsana ba.

Shekara uku ke nan, nauyina ya koma 66, suga na nan ina lallaɓa shi. Abu ɗaya ne ya ƙi barina: duk lokacin da na kurɓi ruwa sai na ɗan tsaya, kofi a hannu, ina saurare. Ban san ana lura ba, sai rannan ƙaramar 'yata, wadda ba ta fi shekara huɗu ba lokacin jinyar, ta tsaya a gabana ta zuba wa wuyana ido. Na kurɓa, ta ɗaga yatsu, “Ɗaya, biyu.” Ta ɗan jira, sannan ta ce, “Baba, sha abinka, ya wuce.”